Tambaya da Amsa: Katin Girafik na Waje Zai Sa Laftof Ta Yi Sauri Wajen Tace Bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima a Kano, ni nake ɗauka, ni nake tacewa. Laftof ɗina ta hannu ce, siririya, Core i7 ƙarni na 8, RAM ɗinta 8 GB, tana da kafar USB-C guda ɗaya. Tun da na koma ɗauka a 4K, manhajar da nake tacewa da ita, Premiere Pro, take cijewa, hoto yana tsalle, fitar da bidiyon awa ɗaya kuwa sai na kwana ina jira. Na fara koyon gyaran kala a wata manhajar, DaVinci Resolve, can abin ya fi muni. Wani abokina ya ce in sayi katin girafik na waje in jona. Zai magance mini matsalar, ko in haƙura in tara kuɗin wata kwamfutar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abokinka bai faɗi ƙarya ba, abin yana nan kuma yana aiki. Amma ina roƙonka kada ka fitar da ko kwabo sai ka tabbatar da abu biyu: ko laftof ɗinka za ta karɓi katin, da kuma ko rashin kati ne ma ciwon da ke damun ta. Daga yadda ka kwatanta mini ita, ina kyautata zaton ba a nan gizo ke saƙar ba.

Katin girafik na waje, abin da ake kira eGPU, akwatin ƙarfe ne, girmansa kamar babbar sitabilaiza. A ciki akwai gurbin da ake soka katin girafik irin na kwamfutar girke, da injin ba shi wuta, da fanka. Waya ɗaya ce ke haɗa shi da laftof. Razer Core X, wanda ya fito a 2018 a kan dala 299, misali ne da aka fi sani: injin wutarsa wat 650 ne, yana kuma cajin laftof ta wannan wayar. Ka lura, kuɗin akwati ne kawai wannan, babu kati a ciki.

To, kafar da ka ambata. USB-C siffar rami ce kawai, ba ta gaya maka abin da ke gudana a bayanta. Akwatin nan yana buƙatar Thunderbolt 3, wadda Intel ta fitar a 2015, ko Thunderbolt 4, ko USB4 mai iya ɗaukar saƙon PCIe, wato hanyar da katin girafik ke magana da kwamfuta ta cikinta. Dukkansu da bakin USB-C suke zuwa, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Ka juya laftof ɗin ka duba gefen ramin da kyau. In ka ga alamar walƙiya mai kan kibiya, akwai fata. In babu, ɗauki lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta ka bincika a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Akwai wani matashi da ya taɓa zuwar mini da akwati sabo dal, ledarsa ma bai gama cirewa ba, ya saka kati, ya jona, fanka tana juyawa, laftof tana caji, amma kwamfutar ba ta san da zaman katin ba. Kafarsa USB-C ce zalla. Babu manhajar da za ta gyara wannan, babu adafta. Yadda ya zauna ya yi shiru yana kallon akwatin nan har yau yana raina, domin kuɗin aikin watanni ne ya tafi.

Ko Thunderbolt 3 ɗin ma ba duka ɗaya ba ce. Wasu laftof ɗin, irin Dell XPS 13 da XPS 15 na wajen 2016 da 2017, layin PCIe biyu kawai aka ba kafar maimakon huɗu. Wayar ma sai tata ta musamman mai ɗaukar gigabit 40. Wayar cajin salula za ta shiga ramin lafiya lau, amma ba za ta yi aikin ba.

A ce an dace kafarka Thunderbolt ce mai layi huɗu. Sai ka san iyakarta. A cikin kwamfutar girke, kati yana zaune ne a gurbi mai layi 16, wanda a PCIe 3.0 ke ɗaukar kusan gigabit 128 a daƙiƙa. Ta Thunderbolt 3, abin da ya kai ga katin bai wuce gigabit 32 ba, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗauke shi kamar ka girke ƙaton injin niƙa a shagon da ƙofarsa mutum ɗaya ke iya wucewa da buhu. Idan aikin na zuba hatsi sau ɗaya ne a bar inji ya daɗe yana gurzawa, ƙanƙantar ƙofa ba ta dame ka ba. Haka Blender, manhajar haɗa hotunan 3D, yake: a loda wa katin hoton 3D, ya yi ta lissafi shi kaɗai har ya gama, kuma katin waje yana yin kusan abin da zai yi a cikin kwamfutar girke. Bidiyo kuwa shige da fice ne ba tsayawa, kowane firam ya shiga a yi masa aiki ya fito, firam 25 ko 50 a kowace daƙiƙa, a 4K kuma kowanne buhu ne cikakke. A nan ƙofar ke nuna kanta. Shi ya sa sayen kati mafi tsada domin a saka shi a irin wannan akwati asara ce. Ba zai samu hatsin da zai ishe shi ba.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. In kana kallon aikin a allon laftof ɗin, hoton da katin ya gama sai ya sake biyowa ta wannan wayar ya dawo, ya cinye wani ɓangare na hanyar. Daidai shi ne ka jona wani allo daban kai tsaye a bayan katin. Ka ga an ƙara kuɗin allo ke nan. Thunderbolt 5 da kafar OCuLink sun faɗaɗa hanyar zuwa gigabit 64, amma laftof ta ƙarni na 8 ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Bari in ratsa kaɗan saboda masu Mac da za su karanta wannan. Apple ta buɗe ƙofar katin waje a 2018 da macOS 10.13.4, ga Mac masu furosesar Intel, kuma katunan AMD ne ke aiki. Tun daga M1 da ta fito a 2020, duk Mac mai furosesar Apple ba ta amfani da katin waje wajen tace bidiyo. Mai M1 ko M2 ko abin da ya biyo baya ya cire wannan daga lissafinsa.

Mu dawo kan taka, domin abu na biyun ya fi muhimmanci. Buɗe aikin bikin da ya fi wahalar da kai, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance. Saki bidiyon ya yi ta tafiya kana kallon layukan nan. Wanne ne ya manne a sama? In CPU, wato furosesa, ce ke kan 100, ko Memory, wato RAM, ta cika ta batse, alhali GPU, wato sashen girafik, tana ƙasa tana hutawa, to ko wane kati ka jona tsallen nan ba zai daina ba. Ina ganin abin da za ka tarar ke nan. Adobe da kanta 16 GB take ba da shawara ga aikin HD, 32 GB ko fiye ga 4K, kai kuma 8 gare ka, Windows ta riga ta cinye kusan rabi kafin ka buɗe komai. Sannan siraran laftof na wannan ƙarni yawanci furosesa mai harafin U gare su, irin i7-8550U ko i7-8650U, ƙwaya huɗu, an tsara ta a kan wat 15 domin batir ya daɗe. Da ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta. Katin waje ba ya canza mata hali.

Ga kuma nau'in bidiyon. Kyamarorin yanzu suna matse hoto a H.264 ko H.265 domin ya shiga memori, kuma warware wannan matsin shi ne aikin da ya fi gajiyar da kwamfuta lokacin da kake jan bidiyo gaba da baya. Furosesar Intel tana da wani sashe mai suna Quick Sync da ke yin wannan, taka ma tana da shi. Amma in kyamararka irin Sony A7S III ce ko Canon R5, ka kuma saita ta a H.265 mai bit 10 da 4:2:2, Quick Sync na ƙarni na 8 ba ya iya warware shi, katunan NVIDIA ma sai a jerin RTX 50 na 2025 suka fara iyawa. Sai ka sayi RTX 3060 ka jona, nauyin ya ci gaba da zama a wuyan furosesar nan mai wat 15.

Maganin tsallen hoto kyauta ne, kuma ina jin takaicin yadda matasanmu da yawa ba sa amfani da shi. Furoksi ake ce masa: manhajar ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi na duk abin da ka ɗauko, ka yi yanka da jeri a kansu, lokacin fitarwa ta koma kan asalin 4K ɗin. A Premiere, zaɓi faifan duka, danna dama, Proxy, sai Create Proxies. A Resolve kuma Generate Proxy Media. Ka dawo daga ɗaurin aure da daddare, ka juye memori, ka sa furoksi ya yi ta haɗuwa kana barci, da safe ka tarar bidiyo na tafiya sumul. Game da kwanan da kake yi wajen fitarwa, duba saitin Export: a zaɓi Hardware Encoding, kuma a bar shi a VBR zagaye ɗaya, domin zagaye biyu yana mayar da aikin kan furosesa. Ƙara RAM zuwa 16 ko 32 in ba a like take a jikin allon injin ba, ka kuma ajiye faifan aiki a SSD maimakon tsohon hard disk mai juyawa. Waɗannan duka ba su kai kuɗin akwatin shi kaɗai ba.

Inda zan yarda da abokinka ɗari bisa ɗari shi ne Resolve. An gina ta ne a kan katin girafik. Gyaran kala, bin fuska, laushin fata, duk can suke tafiya, kuma ɗan katin Intel da ke cikin laftof ɗinka ba zai iya da su a 4K ba. Wanda ya ɗauki bidiyo a zauren biki mai fitilu shuɗi da ja ya san yadda hoto ke cika da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Share wannan aikin kati ne tsantsa, sai dai kayan sharewar a Resolve Studio suke, mai dala 295, babu su a ta kyauta. In ka kai nan, ka fi kula da yawan memorin katin fiye da sunansa. RTX 3060 mai 12 GB na iya ɗauke maka aikin da RTX 4060 mai 8 GB zai tsaya ya ce memorinsa ya cika, ko da yake na biyun ya fi sabunta.

Sai maganar wuta, wadda masu bayanin abin nan daga Amurka da Turai ba sa kawowa domin ba ta dame su ba. Laftof tana da batir, akwatin ba shi da shi. Aka ɗauke wuta kana tsakiyar fitar da bidiyo, daidai yake da a fizge katin daga cikin kwamfuta tana aiki: manhaja ta rufe, wani lokaci Windows ta faɗi gaba ɗaya, aikin awa uku ya koma farko. Dole ne ka sa UPS ko inbata a tsakani. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170 in yana aiki, kusan ninki uku na cajar laftof ɗinka, ban da allo. In da sola kake aiki da dare, ka lissafa wannan a kan batirinka. Zafin Afrilu da Mayu a Kano kuma, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka ta zama kamar an manna mata auduga. Akwatin yana son a ɗaga shi daga ƙasa, a ba shi iska, a riƙa buɗe shi ana hure shi.

Yanzu haɗa lissafin: akwati, kati, waya, allo, UPS. Ɗauki kuɗin akwati da waya ka ɗora wani abu a kai, ka samu kwamfutar girke mai furosesa ta gaske da RAM 32, wannan katin dai ya zauna a gurbinsa mai layi 16 ya ba ka duk ƙarfinsa. Tunda a shago ko a ɗaki kake tacewa, da ni ne kai, furoksi da RAM zan fara da su a wannan makon, in ci gaba da karɓar aiki, in tara kuɗin ta girke, laftof ta zama ta juye memori da nuna wa masu biki samfuri a wurin taro. Katin waje ya fi dacewa da wanda ya riga ya mallaki laftof mai ƙarfi, furosesa mai harafin H, RAM 32, Thunderbolt mai layi huɗu, yana yawo da ita da rana, da dare ya dawo tebur ya jona waya ɗaya ya shiga Resolve ko Blender.

In ka duba ka ga kafarka Thunderbolt ce, ka kuma ci karo da akwati na hannu a farashi mai sauƙi a Titin Beirut ko wajen masu kawo kaya daga Ikeja, ban hana ka ba, domin katin zai bi ka zuwa kwamfutar girke daga baya. Amma ka tafi da laftof ɗinka da aikin biki guda a ciki. A jona a gabanka, ka ga sunan katin ya fito a Task Manager, ka fitar da minti goma na bidiyon da katin, ka sake fitar da shi babu katin, kana duba agogo, sannan a yi maganar ciniki.