Zan iya yin nutso a teku da tsohon agogon mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da agogon hannu Seiko 5 da na gada wurin mahaifina, ya saye shi tun shekarun 1970. Kullum yana hannuna, har alwala nake yi da shi, bai taɓa shan ruwa ba. A murfinsa ma an rubuta cewa yana jure ruwa. Tafiya ta kama ni zuwa Masar, kuma ina son in koyi nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya. In shiga da shi? Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ɗan'uwa, don Allah kada ka shiga da shi.

Ruwan alwala zuba yake yi ya wuce, na teku kuwa danna agogo yake yi ta ko'ina. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Mai koyo yakan tsaya a mita 18, inda matsin ya kusa ninki uku. Iyakar masu nutso don nishaɗi mita 40 ce, can kuwa ninki biyar ne.

Me ke tare wannan ruwan? Wasu siraran zobban roba, ɗaya a murfin baya, ɗaya a ɗan kan da ake ja a saita lokaci, sai kuma mazaunin gilashi. Roba tana tsufa. Wadda ta sha zafin bazara da bushewar hunturun Zariya kusan shekara hamsin ta riga ta ƙage, kamar tayar keken da aka jingine aka manta. Idan muka buɗe irin waɗannan agoguna, wata robar narkewa take yi ta zama baƙin danƙo, wata ta farfashe a hannu. Rubutun da ke murfin yana magana ne a kan ranar da agogon ya fito daga kamfani. Ko a ranar ma, mita 30 ko 50 da ake rubutawa gwaji ne na ɗan lokaci a ɗakin gwaji, bai nufin a sauka wannan zurfin.

Agogon nutso wani abu ne daban. Kamfanonin agogo na Blancpain da Rolex sun fara yin nasu a wajen 1953, Seiko ya fitar da nasa na farko a 1965. Yau ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 6425 ce ke fayyace shi: ya jure aƙalla mita 100, a iya karanta shi cikin duhu, kuma a sami abin ƙirga mintoci, galibi zobe a kewayen gilashi mai juyawa gefe ɗaya kawai. Hikimar ita ce, in ya goce bisa kuskure, zai nuna maka ka daɗe fiye da yadda ka yi, sai ka fito da wuri. Na Baba ba shi da wannan, kan saitinsa ba irin wanda ake murzawa ya kulle ba ne, hasken hannayensa ma ya daɗe da dushewa. Wannan ya fi damuna a kan injin, domin lissafin mintoci a ƙarƙashin ruwa maganar rai ce.

Za ka ce a canja robobin. A canja, yana da kyau ko don damina. Amma sai an sa shi a na'urar gwajin matsi kafin a san ya riƙe, ba kowane mai gyara ke da ita ba, kuma tsohon murfin da gumi ya ci bakinsa ba ya zama daram ko da sabuwar roba.

A makarantar nutso ana ba da hayar kwamfutar hannu mai nuna zurfi da lokaci, ita za ka dogara da ita. In kana son agogo kari, Casio mai jure mita 200 ya wadatar, ka ɗauraye shi da ruwan daɗi duk fitowa.

Idan kuma wata rana ka ga raɓa a cikin gilashin na Baba, kada ka shanya shi a rana, kada ka bari ya kwana biyu. Kai shi wurin mai gyara ranar nan a buɗe shi a busar, don tsatsa ba ta ɗaukar lokaci, kayan gyaran injin wancan zamani kuma sai an sha nema.