Amsa ga Kawu kan zaman jirgi a tsakiyar teku

Assalamu alaikum. Kawu, na saurari tambayarku a kan ko igiyar ruwa ba ta firgita mu ba da muka ƙetare Tekun Atilantika, amma na san abin da kuke son ji shi ne yadda mutum yake rayuwa a cikin jirgin da iska ke turawa. Mu biyar ne muka taso daga tsibiran Kanari, da ke kusa da gaɓar arewa maso yammacin Afirka, a ƙarshen Nuwamba, lokacin da iskar arewa maso gabas take daidaita, muka nufi tsibiran Karibiyan da ke ɓangaren nahiyar Amurka, tafiyar kusan mil 2,700 na teku. Kwana 21 muka yi, a'a, 22 ne, domin iska ta ɗauke mana yini guda cur.

Igiyar ruwa kam jiki yana sabawa da ita bayan kwana uku na jiri da amai. Gadi muke yi karɓa-karɓa, awa uku uku, dare da rana, kuma wanda yake kan sitiyari da dare sai ya ɗaure kansa a jikin jirgi. Da asuba mukan tsinci kifi mai tashi a saman jirgin, mu soya a murhun da aka rataye don ya riƙa lilo tare da jirgi, kada tukunya ta kife. Alwala da ruwan teku nake yi, tun da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, alƙibla kuma kamfas ke nuna mini.

Ruwan sha shi ne babbar magana. Mu da muka tashi a Yauri, inda mai kwale-kwale zai miƙa hannu ya kamfaci Neja ya kurɓa, ba mu san darajarsa ba. A can, abin da ke cikin tanki da jarkoki shi ke nan, ko kwanuka da ruwan gishiri muke wankewa. Duk da haka, a kwana na tara na iske wani abokin tafiyarmu ya buɗe famfo yana wanke riga da ruwan shanmu, har yana ɗauraya ta sau biyu. Riga fa, Kawu, wadda babu wanda zai gani sai mu huɗu! Da na yi masa magana sai ya ce ai za a yi ruwan sama. Ba a yi ba sai bayan kwana shida, kuma har muka sauka ban daina ganin rigar nan a shanye a kan igiya ba.