Asalin kalmar "frolicsome"

Ɗan'uwa, ka tambayi inda kalmar Turanci "frolicsome" ta samo asali, wato mai yawan wasa da tsalle-tsalle kamar ɗan akuya da ya ƙoshi. Tambayar nan ta yi mini daɗi ƙwarai.

Tushenta "frolic" ce, ita kuwa aro ce. Turawan Ingila sun ɗauko ta a ƙarni na 16 daga bakin mutanen Holan, waɗanda suke cinikin ulu da yadi da su sosai a lokacin. Su "vrolijk" suke cewa, ma'ana mai fara'a, kuma har gobe haka suke faɗa. Jamusawa ma suna da 'yar'uwarta, "fröhlich". Da "frolic" ta shigo Turanci, siffa ce kawai: mutum mai annashuwa. Sannu a hankali ta koma aikatau da suna, sai aka liƙa mata "-some" wajen ƙarshen ƙarni na 17 don a sake samun siffa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda "frolic" ta shiga kotu. A shari'ar Joel da Morison ta 1834, alƙali Parke ya ce idan yaron gida ya ɗauki keken dokin maigidansa ya tafi "on a frolic of his own", wato yawon gaban kansa, ya yi ɓarna, ba a kama maigida. Lauyoyin Najeriya sun gaji wannan furuci, suna kawo shi in direban kamfani ya kauce hanyar aiki ya yi hatsari.