Harafin da ke gaban sunan magani ba ado ba ne

Wani manomin masara daga Funtua ya rubuto: "Malam, na tarar da maganin ciyawa iri biyu a kasuwa. Ɗaya an rubuta metolachlor, ɗaya S-metolachlor, kuma mai S ɗin ya fi tsada. Ba yaudara ba ce?"

Ba yaudara ba ce, ɗan'uwa. Sinadarin yana zuwa da siffa biyu, kayan haɗinsu ɗaya, sai dai tsayuwarsu ta bambanta kamar hannun dama da na hagu. Siffar S ce ke kashe ciyawa sosai. Tsohon haɗin, wato marar S, rabi da rabi ne, shi kuwa mai S kusan kashi 88 cikin 100 mai aikin ne, shi ya sa ake rage ma'auninsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka lissafa kuɗin feshin hekta guda, ka daina kallon kuɗin gora kawai. Ka fesa ƙasa na da danshi, kafin ciyawa ta tsiro.

Daga Gombe kuma wani ya ce: "Mahaifinmu da Gamalin yake ajiye wake. Na samu ragowa a wajen wani ɗan kasuwa, murfi nawa zan zuba a buhu?"

Ko ɗigo kar ka zuba. Wannan tambaya duk kaka sai ta dawo, kuma wallahi tana tayar min da hankali. Abin da ke cikin Gamalin sunansa lindane. A ƙirarsa ta sinadari, zobe ne na kabon 6, kowanne riƙe da haidirojin ɗaya da kulorin ɗaya. Wani kulorin yana kallon sama, wani ƙasa, kuma daga nan ake samun 'yan gida ɗaya masu hali daban: alfa, beta, gama, delta. Gama kaɗai ke kashe ƙwari yadda ya kamata, daga gare shi ma sunan Gamalin ya fito. A ɗanyen haɗin masana'anta bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, mafi yawa alfa ne. Duk tan ɗaya na lindane da aka tace, sai an bar tan 6 zuwa 10 na sauran a matsayin shara mai guba. Beta ya fi kowa taurin kai. Yana shekaru a ƙasa bai ruɓe ba, yana taruwa a kitsen jiki, har cikin nonon uwa ake samunsa. Shi kansa gama yana taɓa jijiyoyi, yana sa amai da jijjiga. A 2009 yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta sa lindane da alfa da beta a jerin abubuwan da za a kawar, a 2015 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta ce lindane na haddasa sankara ga ɗan Adam. Wanke wake ko dafa shi ba ya ba ka tabbacin ka rabu da shi, kuma 'ya'yanka ne za su fara ci.

Ka shanya wakenka ya bushe ƙayau, har ƙwaya ta yi ƙas in ka ciza. Ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Jarka mai murfin kirki ma ta isa, in an cika ta maƙil. Ƙwaron zai mutu don rashin iska.

Wata mai lambun tumatir daga Kura ta tambaya ko za ta auna alpha-cypermethrin daidai da cypermethrin. A'a, Hajiya: cypermethrin siffa 8 ne a haɗe, mai alfa 2 ne kawai, ya kuma fi ƙarfi, don haka ki bi ma'aunin da ke jikin gorar da kwanakin jira kafin ki tsinki tumatir.