Yawan yaɗa labarin bincike a intanet yana nufin maganin ya tabbata?

Tambaya: Likita, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce. Ina yawan ganin labarin gyaran ƙwayoyin gado na garkuwar jiki don kashe cutar kansa, wato ciwon daji, kowa sai turawa yake yi. Shin yawan masu karantawa hujja ce cewa abin ya tabbata?

Amsa: A'a, 'yata. Yawan masu turawa yana nuna yadda labari ya taɓa zukata ne, ingancin aikin kuwa sai an buɗe takardar.

Akwai kamfanin Altmetric da ke bin diddigin wannan tun 2011. Yana ƙirga sau nawa aka ambaci takardar bincike a jaridu, da X, da Wikipedia, sai ya ba ta maki. Matsalar ita ce ƙirgan bai san yabo ba, bai san suka ba. Wanda ya ce aikin shirme ne ma ya ƙara masa maki. Galibin masu turawar kuma kanun labari kawai suka gani.

Ki duba abin da ya faru a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan. A 2022 an yi wa wata yarinya mai shekara 13 magani, bayan kansar jininta ta ƙi jin komai. An ɗauko ƙwayoyin garkuwa na T daga jikin wani mai lafiya, aka canza musu haruffan gado don kada su afka wa jikinta, kada kuma su kashe junansu, sannan aka ɗora musu alamar da za su gane ƙwayoyin kansar. Cutar ta ɓace, aka yi mata dashen ɓargo. Duniya ta ɗauka, kuma abin ya cancanci hakan. Amma da takardar ta fito a 2023, yara uku ne aka yi bayaninsu, ɗaya ya rasu sakamakon wata cuta da ta kama shi lokacin da garkuwarsa ta yi ƙasa. Wannan ɓangaren bai zagaya wayoyi ba.

Haka gwajin Jami'ar Pennsylvania a Amurka da aka wallafa a 2020: mutum uku aka yi wa magani da fasahar CRISPR, wadda ake gyara ƙwayoyin gado da ita. Abin da ya nuna shi ne ƙwayoyin da aka gyara sun rayu har zuwa wata tara a jiki, ba cewa an warkar da kowa ba.

Ni ba na raina waɗannan ayyuka, daga irinsu ake farawa. Sai dai idan labari ya zo miki, ki nemo ainihin takardar ki duba: a kan mutane aka gwada ko ɓeraye, mutum nawa ne, wata nawa aka bibiye su, kuma wane mataki gwajin yake. Matakin farko illa yake dubawa, bai kai ga tabbatar da waraka ba.