An yi wa maigidana dashen zuciya, amma walwalarsa ta tafi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara huɗu ke nan da yi wa maigidana dashen zuciya. Gwaje-gwajensa lafiya lau, amma wata biyar ke nan ya daina hira, ba ya son fita, barci ma sai an sha fama. Shekaranjiya na tarar da ƙwayoyin kwana biyu a akwatin maganinsa bai sha ba. 'Yan'uwa na cewa rashin godiyar Allah ne. Me ke damunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa, kuma masu cewa rashin godiya ne su yi haƙuri, ba su fahimci lamarin ba. Ciwo ne da ake yawan gani ga waɗanda aka yi wa dashe, kuma ba lallai ya zo a shekarar farko ba. A farkon, mutum na cikin murnar tsira, ga masu dubiya, ga likitoci kullum. Sai ƙura ta lafa, kowa ya koma harkarsa, shi kuma ya rage da magani safe da dare har ƙarshen rayuwa, da fargabar kada jiki ya ƙi sabuwar zuciyar. Wasu kuma tunanin mamacin da aka ɗauko zuciyarsa ke cin su a ɓoye. Da wuya su furta, don suna jin kunyar yin ƙorafi bayan an ceto su.

Su kansu magungunan dashen, masu danne garkuwar jiki don kada ta ƙi sabuwar zuciyar, na da hannu. Firednisolon kan jirkita yanayin mutum, takrolimus kan kawo rawar hannu da rashin barci. Shi ya sa za a fara da auna yawan maganin a jininsa, a duba ƙoda da ƙarancin jini, kafin a yanke hukunci.

Ƙwayoyin da kika tarar su ne suka fi tayar mini da hankali. Mai ciwon damuwa yakan yi sakaci da magungunan danne garkuwar jiki, kuma tsallake su na iya sa jiki ya juya wa zuciyar baya. Ga shi zuciyar dashe an yanke jijiyoyinta na jin zafi lokacin tiyata, don haka matsala na iya tasowa ba tare da ciwon ƙirji ba. Ki kira likitocin dashensa yau, ki faɗa musu kwana nawa ya tsallake. Kada ki ninka masa adadin don rama abin da ya wuce.

Magani akwai. Zama da likitan ƙwaƙwalwa, motsa jiki bisa tsarin masu kula da zuciya, da haɗuwa da wasu da aka yi wa dashe duk suna taimakawa. Ana kuma ba da magungunan damuwa irin su satralin, sai dai sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma dole a zaɓa tare da likitocin dashe, don wasunsu na ƙara yawan takrolimus a jini. Ki nisantar da shi daga ganyen St John's wort da ake tallatawa don damuwa: yana rage ƙarfin magungunan dashe, har an samu waɗanda jikinsu ya ƙi zuciyar saboda shi.

A gida, bar yi masa wa'azin godiya. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, ki karɓi ajiyar magungunan, ku tafi sashen gaggawa a ranar.