Tambayoyinku: Hular Haƙori da Na'ura ke Sassaƙawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An cire mini jijiyar turmin haƙori, an ce sai an sa masa hular tangaran, wai kuma a zama ɗaya za a gama ba tare da an cika mini baki da ƙullun awo ba. Yaya ake yin haka, kuma yana da ƙarko? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Aikin ba sabo ba ne, tun 1985 aka fara sassaƙa wa majiyyaci cikon haƙori na tangaran a Jami'ar Zurich da wata na'ura mai suna CEREC, hula ta biyo baya. Likita zai fara fere haƙorin, ya rage milimita 1.5 zuwa 2 daga saman da ake tauna da shi, da kamar milimita 1 a kewaye. Sai ya zagaya bakinki da ƙaramar kyamara, ta ɗauki siffar haƙorin, da na maƙwabtansa, da na waɗanda yake haɗuwa da su idan kin rufe baki. Kwamfuta ta zana hular, likita ya gyara zanen, na'ura ta sassaƙe ta daga dunƙulen tangaran cikin minti goma zuwa ashirin, ruwa na feshi a kai don kada zafi ya tsaga ta. In tangaran mai gilashi ne da ake kira litiyam disiliket, hular takan fito da launin shuɗi-shuɗi kuma ba ta gama ƙarfi ba, sai an gasa ta a zafin digiri 840 zuwa 850 a ma'aunin Celsius na kimanin minti 25 kafin ta ɗauki launin haƙori. Tana da ƙarko matuƙar an ba ta kaurin da take buƙata. Idan kina cizon haƙora cikin barci ki gaya wa likita, domin zirkoniya, wani nau'in tangaran da ya fi ƙarfi, ta fi dacewa da ke.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a fannin ƙera haƙoran roba da na tangaran. Wasu hulunan da muke sassaƙawa ba sa zama har ƙasa, wasu kuma sai su riƙa rawa a kan haƙorin. Laifin na'ura ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malam, da wuya laifin ya zama nata. Fara duba firar haƙorin. Bakin mafi sirantar ƙarfen da ke sassaƙa cikin hula yakan kai kusan milimita 1. Idan an bar tsini ko kaifi a haƙorin, ƙarfen ba zai iya shiga lungun da ya fi shi ƙanƙanta ba. Ko dai ya bar tangaran a wurin, hular ta tokare, ko ya ƙwaƙule fiye da kima, wurin ya yi siriri, ya zama inda za ta fashe daga baya. Shi ya sa ake son kowace kusurwa ta zama a zagaye, gefen da hula za ta zauna kuwa ya fito sumul.

Sai hoton. Kyamara abin da ta gani kawai take ɗauka, ba ta hango abin da jini ko yawu ko dasashi ya rufe. In gefen ya nutse ƙarƙashin dasashi, a sa zare a ture naman, a tsayar da jini, a busar, sannan a ɗauka. A faɗaɗa hoton a allo a bi layin gefen da ido, kada a yarda da wanda kwamfuta ta ja da kanta. Wannan matakin ne aka fi yi wa gaggawa, shi ne kuma ya fi ɓata aiki.

A zanen ana barin gurbin simintin da ake manna hula da shi, na maikuron 50 zuwa 100, wato kashi 50 zuwa 100 cikin dubu na milimita ɗaya. In ya yi kaɗan hula ta ƙi zama, in ya yi yawa ta yi rawa. Tazarar bakin hula da haƙori kada ta wuce maikuron 120. Zirkoniya kuma tana da nata halin: ana sassaƙa ta tun tana da taushi kamar alli, girmanta ya ɗara na ainihi da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, sai ta tsuke idan aka gasa ta a kusan digiri 1500. Kowane faifan zirkoniya da ake sassaƙa hula daga cikinsa yana zuwa da lambar tsukewarsa, in aka shigar da ta wani faifan, awo ya tashi a banza. A kuma ƙirga aikin kowane ƙarfe a canza shi a kan lokaci, domin dakusasshe yana ɓantare gefen hula.

Tambaya: Me ya sa hular zirkoniya ke cirewa alhali an manna ta kamar sauran? Daga wani ma'aikacin asibitin haƙori.

Amsa: Don an manna ta kamar sauran ɗin ne, Malam. Litiyam disiliket akwai gilashi a cikinsa, ana zuba masa asid ɗin haidurofulorik mai ƙarfin kashi 5 na daƙiƙa 20, a wanke, a shafa sailen, sinadarin da ke sa siminti ya kama gilashi. Zirkoniya ba ta da gilashi, asid ɗin ba ya cin ta. Ita ana fesa mata garin alumina mai maikuron 50 da iska mara ƙarfi, sannan a shafa sinadari mai MDP, wanda ke sa siminti ya kama zirkoniya. Yawun da ya taɓa cikinta lokacin gwada ta a baki yana hana MDP kamawa, don haka bayan gwaji ake fesawar. In an rage samanta a baki, a goge ta har ta yi sheƙi, in ba haka ba za ta riƙa cin haƙorin da take haɗuwa da shi.